Rabin Farantin Baba

"Wallahi ko shi kaɗai ya rage namiji a duniya, ba da yawuna ba! Mutumin da yake auna wa marayu mai da cokalin shayi?"

Umma ce ta faɗi haka, ta dangwarar da murfin tukunya har sai da na zabura. Ina raɓe a ƙofar kicin, na rungume jakar littattafaina kamar ita za ta cece ni. Dawowata ke nan daga makarantar da nake aiki a ɗakin karatu, ko takalmi ban cire ba.

Gwaggo, yayar Babanmu, tana zaune tana fifita da bakin mayafi. Ita Umma ta aika ta gano mata gidan wanda nake so, yau kuma ta kawo rahoto.

"Ke dai bari," in ji Gwaggo. "Da sassafe na isa, na tarar da gida a kulle. Maƙwabciya ta ce wai sun tafi gudu. Na ce wa ya biyo su? Ta ce ba kowa, haka suke yi kullum. Ina tsaye sai ga su, uban da usur a baki, biyu na biye da shi, ƙaramar tana kan kafaɗarsa. Aka kawo abin kari. Dafaffen ƙwai, ko soyawa babu. Wake. Gwanda. Shayin kuwa, in kin kurɓa sai kin tambaya ko suga ya yi tafiya."

"Yaran fa?" in ji Umma.

"Kamar sanduna! Babu mai kumatun da za ki ja."

Na buɗe baki in ce lafiyarsu ƙalau, ko mura ba sa yi, amma muryata ta maƙale. Haka nake tun ina ƙarama. In a takarda ne sai in cika shafi goma, a gaban mutane kuwa harshena nauyi yake yi.

"Umma," na samu na ce, "ba rowa ba ce. Kula ce."

"Auta, rufe min baki. Kula? Shekara talatin da biyu ina ciyar da ubanki, bai taɓa barin loma a faranti ba. Wannan ita ce kula. Ga yaron kirki can yana binki, kina gudu."

Ta nuna zaure da ludayi. Can ne aka jera katan-katan na lemon kwalba har sun kusa taɓa silin. Ɗan ƙawar Gwaggo ne yake aiko su, dillalin lemo ne, kowa Mai Lemo yake ce masa. Ba shi da mugun hali, sai dai duk zuwan da zai yi, hirarsa ba ta wuce motarsa da firjinsa.

Shi kuwa wanda zuciyata ta zaɓa, malamin wasanni ne a makarantarmu, yara na ce masa Mai Usur. Matarsa ta rasu shekara uku ke nan, ta bar masa 'ya'ya uku. Ranar da na fara lura da shi, littafin girki ya zo aro. Ya dawo da shi bayan sati biyu, ya tsaya yana sosa ƙeya, yana ba ni haƙuri wai miya ta ɗiga a shafi na arba'in. Ban taɓa ganin namijin da ya ba littafi haƙuri ba. Tun daga ranar na daina gane inda nake ajiye tabarauna in ya shigo.

Na lallaɓa ɗakin ɗinkin Baba, wanda ke gaban gida. Tela ne, fiye da shekara arba'in yana kan keke. Na same shi yana kwankwaɗar ruwa daga wata babbar gora da ya fara ajiyewa kusa da ƙafarsa kwanan nan.

"Baba, ka sa baki mana."

Ya ajiye gorar, ya dunƙule yatsunsa a cinya. Na ga 'yan ɗige-ɗigen huda a jikinsu.

"Allura ce," ya ce da ya ga ina kallo. "Tsufa ya zo, har ita ta raina ni. Maganarki kuwa, Auta, abin da uwarki ta yanke shi ne."

Kafin in fito, Umma ta riga ta yanke.

"Ki ce masa ya kawo su ranar Asabar su ci abincin rana a nan. In suka afka wa girkina kamar waɗanda aka sako daga ɗaure, na san da yunwa yake horar da su. In kuma suka zauna suna satar kallonsa kafin su kai loma, na san tsoro ya dasa musu. Ko wanne na gani, kada ki ƙara kawo min sunansa. Ba zan miki dole a kan kowa ba, amma shi kam sai dai ki aure shi ba da albarkata ba."

Ta san ba zan iya ba. Ni ma na sani.

*

Washegari bayan an tashi yara, na sami Mai Usur a bakin fili yana hura ƙwallo da famfo. Ya ga idona ya ajiye famfon.

"Malama, wa ya taɓa min ke?"

Na ba shi labari duka, ina yi ina share hawaye da bayan hannu, tabarau ya yi hazo har ban ganin fuskarsa.

"Ka ga ta ko'ina an tare mu," na ce. "In sun ci da yawa laifi, in sun ci kaɗan laifi. Don Allah ka zaunar da su ka koya musu. Ka ce cokali kaza za su ci, kada su kalle ka, kada su ce komai a kan mai."

Ya jujjuya usur ɗin da ke rataye a wuyansa.

"Ba zan iya ba."

"Ko don ni?"

"Don ke ɗin ne ma. In na koya musu ƙarya a kan abinci ranar Asabar, ranar Lahadi da wane ido zan ce su gaya min gaskiya in sun ƙoshi? Kuma wace irin uwa zan kawo musu, wadda aka shigo da ita ta hanyar yaudara?"

Kuka ya ƙwace min. Na ce, "To shi ke nan, ka fi son dokarka a kaina."

"Ba doka ba ce." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ciwon suga ne ya kama mamansu. Mun raina shi, muna ta ci muna sha kamar da, har ya taɓa mata ƙoda. Shekara biyu ina jinyarta. Babbar tana da shekara shida ta iya riƙe mata auduga in za ta huda yatsa ta gwada jini. Ranar da muka dawo gida babu ita, na buɗe firji na ga abin da ke ciki, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Ban iya dafa ko ruwan zafi ba a lokacin. Na ce wa kaina, waɗannan ukun, in Allah Ya yarda, da ƙafafunsu za su tsufa."

Na san ta rasu, amma bai taɓa gaya min haka dalla-dalla ba. Na kalli hannayensa, ga tabon wuƙa a babban yatsa, ga ƙunar tukunya a wuyan hannu. Wallahi a idona sun fi agogon zinare kyau.

"Kuma kada ki ɗauka soja nake a gida," ya ce yana ɗan murmushi don in saki rai. "Duk Lahadi ana soya dankali. Ranar baƙunci kowa ya ci abin da aka ba shi ya yi godiya. Gudun safe ma su suke tashina. Ki bar su su zo yadda suke. In yadda suke bai isa ba, to ni ne ban isa ba."

Na tafi ina son sa fiye da yadda na zo, ina kuma tsoron Asabar fiye da yadda na zo.

*

Tun da hantsi Umma take kicin. Shinkafa tana ninƙaya a mai, ga soyayyun kaji, ga soyayyen dankali, ga gasasshen kifi. Kabeji da kokwamba da karas kuwa ta yanka su ne kawai don ado, ta zagaye tire da su. Mai Lemo ya ji labari ya aiko ƙarin katan biyu masu sanyi, wai a shayar da baƙi.

Da azahar suka yi sallama.

Sunayen wasa uban ya sa musu, irin na ƙungiyar ƙwallo. Babbar, mai shekara sha ɗaya, Kyaftin. Namijin, mai takwas, Gola. Ƙaramar, mai biyar, 'Yar Benci, wai don ita har yanzu a kafaɗa take yin rabin gudunta. Suka durƙusa suka gaida Umma da Gwaggo. Gwaggo ta ja kumatun Gola ta ji babu abin ja, ta kalli Umma ta taɓe baki.

Aka shimfiɗa babbar tabarma a falo. Baba ya aiko a fara, yana ƙarasa wata riga. Ni dai ina gefe ina kallo.

Gola ya kai loma, ya lumshe ido.

"Kaka, wallahi kin fi Abba iya shinkafa."

"Kai, maci amana!" in ji uban. "A gabana?"

"Gaskiya ce ai, Abba. Taka wani lokaci tana caɓewa."

Umma ta so ta daure fuska, dariya ta suɓuce mata. Gola ya cinye nasa, ya nemi ƙari ba tare da ya kalli kowa ba, ya ci rabin ƙarin, ya shafa ciki ya ce ya ƙoshi, ko za a ajiye masa sauran ya tafi da shi. 'Yar Benci kuwa ta bi gefen tire tana tsince kokwamba tana gurgura.

"Ke, wannan ado ne!" in ji Gwaggo. "Ga nama."

"Na ci nama. Wannan yana ƙara ne in na tauna. Ji." Ta matso da bakinta kunnen Gwaggo ta tauna, garas-garas.

Aka buɗe musu lemo. Suka raba kwalba biyu su uku, suka yi godiya, sannan suka nemi ruwa. Ba hannu baka hannu ƙwarya ba, ba kuma satar kallo ba. Na ga Umma ta karkata kai tana kallonsu, fuskarta na saki a hankali. Na fara numfashi.

Sai Baba ya shigo.

Kyaftin ce ta miƙe da sauri ta ɗauko buta da roba don ya wanke hannu. Ya miƙo hannayensa tana zuba ruwa. Na ga ta tsaya cak, ruwan na zuba a gefe, ta ƙura wa yatsunsa ido. Ta ɗago ta kalli fuskarsa, ta kalli gorar ruwan da ya shigo da ita a hammata.

Umma ta kai hannu za ta zuba masa abinci kamar kullum, yarinyar ta riga ta ɗaukar farantin.

"Kaka, bari ni in zuba masa."

Umma ta ji daɗi, ta janye hannu. Muna kallo Kyaftin ta cika rabin farantin da kabeji da kokwamba da karas. Ta sa gasasshen kifi a gefe. Shinkafar kuwa, ta karkata ludayi ta tsiyaye man, ta zuba abin da bai fi dunƙulen hannunta ba. Ta ɗauke kwalbar lemon da aka ajiye masa, ta maye gurbinta da kofin ruwa.



"Mene ne wannan?" in ji Umma. "Maigidan nawa za ki zuba wa ciyawa? A gidansa? Akuya ce shi?"

"Ai ga ta nan, na gaya miki," in ji Gwaggo tana tafa hannu. "Rowar har ta shiga jinin 'ya'yan!"

Umma ta juya kan Mai Usur. "Abin da kake koya musu ke nan? Su shiga gidan mutane su auna wa dattijo abinci? Malam, na ga abin da zan gani. Auta, kin ji da kunnenki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Mai Usur ya sunkuyar da kai, zufa na tsattsafo masa.

"Umma, ki gafarce mu. Ba ta taɓa yin haka ba." Ya dubi 'yarsa. "Kyaftin, me ya shiga kanki? Durƙusa ki ba da haƙuri, ki gyara farantin nan."

Ta durƙusa, amma ta sa hannu biyu ta dafe farantin.

"Abba, ka yi haƙuri. Ba zan ƙara shinkafar ba."

"Kyaftin!"

Hawaye suka zubo mata shar. "Abba, yatsunsa irin na Mama ne!"



"Allura ce, 'yar nan," in ji Baba a hankali, yana ƙoƙarin ɓoye hannu cikin hannun riga. "Ni tela ne."

"Allurar ɗinki a kan yatsa take soka, Kaka, kuma yatsa ɗaya ko biyu. Naka a gefe suke, a jere, duka hannu biyun. Haka na Mama suke, don an ce a gefe ya fi rashin zafi, kullum a canja yatsa. Ita ma da gora take yawo." Ta shaƙi kuka. "Ita ma cewa take ba komai."

Umma ta juya sannu a hankali ta fuskanci mijinta.

"Maigida?"

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya sa hannu a aljihun ciki ya fiddo wani ɗan kwali, wanda duk muka ɗauka na maɓallai ne. Ya buɗe. Ga 'yar na'urar gwajin suga, ga ƙwayoyin magani.

"Wata biyar ke nan da likita ya gaya min," ya ce.

"Wata biyar! Amma ko ramewa ba ka yi ba!" in ji Umma.

"Na rame. Duk wandunana na rage musu ƙugu, riguna na tsuke su. Wa zai kama tela?"

Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. Umma ta dafa bango ta zame ta zauna.

"Me na yi maka da za ka ɓoye min? Ni ce baƙuwa? Kullum ina tura maka faranti, ina buɗe maka kwalba, kana karɓa kana cewa madalla. Ashe da hannuna nake..."

"Kada ki faɗa," in ji Baba, idonsa ya kawo ruwa. "Laifina ne. Kin tuna ranar farko da kika min girki, kika laɓe bayan labule kina leƙe ko zan cinye? Har yau haka kike kallon farantina. In na share shi sai ki wuni da fara'a. Na rasa bakin da zan ce miki rage min. Kullum sai in ce gobe."

Umma ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Gwaggo ma ta kama sharɓar hawaye, tana cewa, "Ƙanen nawa, har ni?" Can Umma ta miƙe ta shige kicin ta turo ƙofa.

Mai Usur ya tsuguna gaban Baba.

"Baba, ka yafe mana. Mun tona abin da ba hurumimmu ba. Amma don Allah ka koma wurin likita tare da Umma, a gaya mata komai. Ciwon nan ana daɗewa da shi lafiya in gida ya haɗa kai. Mu ne dai ba mu haɗa da wuri ba."

Ya tattara yaransa. Da ya zo wucewa ta kusa da ni bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce a hankali, "Malama, ki yi haƙuri. Na ɓata miki."

Ni da ba na iya magana a gaban mutane, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ba ka ɓata komai ba. Ni 'yar Baba ce, kullum ina ganin yatsun nan, na karanta littattafai sun fi ɗari, ban gane ba. 'Yar da ka yi rainonta da hannunka ta gane cikin minti ɗaya. Ko an raba mu yau, ina alfahari na so ka."

Gwaggo ta saki baki. Ni ma kunya ta rufe ni, na cusa fuska a tafin hannu.

Sun kai zaure, wajen katan-katan ɗin nan, sai ƙofar kicin ta buɗe.

"Ke, Kyaftin kike ko wa? Zo nan."

Yarinyar ta dawo. Umma na tsaye, idanunta jajur, kwalbar mai a hannun hagu, cokalin shayi a hannun dama.

"Irin wannan nawa ubanku yake sawa a tukunyar mutum huɗu?"

"Huɗu, Kaka. In miya ce biyar."

"Biyar," Umma ta maimaita kamar an ce mata an yi gobara. Ta ja hanci. "To za a ci kuwa?"

"Ana ci. Ana ƙara albasa da tafarnuwa da citta. In ke kika dafa ma sai ya fi na Abba."

"Wannan kam ba sai an faɗa ba."

Ta jawo yarinyar ta rungume ta, cokalin na hannunta. Ta saman kanta ta kalli Baba, wanda ya riga ya jawo farantin nan yana taunar kokwamba, 'Yar Benci ta dawo ta zauna kusa da shi tana koya masa yadda ake sa shi ƙara.

"Kaka, in an gama ci zagaye ake yi," in ji 'Yar Benci. "Sau biyu a layi. In ka gaji Abba zai ɗora ka a kafaɗa."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware.

"Lemon nan fa?" in ji Gwaggo cikin sanyin murya. "Me zan ce wa ƙawata?"

"Ki ce mun gode, a zo a kwashe. Allah Ya ba shi wadda ta fi Auta." Umma ta juya ga Mai Usur, ta ɗaure fuska yadda ta iya. "Kai kuma, Malam, ka gaya wa manyanka su zo mako mai zuwa. Amma ka ji da kyau, ni ba mai hura min usur."

"Wane ni, Umma."

Ta dubi silifas ɗinta, ta dubi ƙofar gida, ta dubi mijinta da ya fara neman hularsa.

"Auta, daina kukan nan ki ara min takalminki mai igiya. Ba zan bar shi ya yi zagayen nan shi kaɗai ba."